Sai an cika mutum goma

Wyson Kachingwe tela ne a kasuwar Dedza. Shekara talatin yana ɗinka wa ɗalibaina kayan makaranta a rumfa ɗaya. Bai yi dogon karatu ba, amma ba a raba shi da rediyo. A shekarar da annoba ta tsananta, kowace safiya sai ya tare ni da labarin ƙasashe: wannan ta yi wa rabin mutanenta allurar rigakafi, waccan ta shiga zagaye na uku, mu kuwa ko biyu cikin ɗari ba mu kai ba.

"Malam," in ji shi, "su suna neman ƙari, mu ba a ɗora tukunya ba."

Ba son surutu ne ya sa shi bin labarin ba. Matarsa Esnart tana da ciwon sukari, ya kuma ga yadda cutar ke ɗauke masu irin ciwonta.

Da allurar ta iso ƙaramin asibitin ƙauyensu, ya goyo Esnart a keke, tafiyar awa biyu. Ma'aikaciyar jinyar, wata mai suna Loveness, ta ƙirga masu jira. Mutum huɗu ne har da su.

"Bambo, kwalba ɗaya ta mutum goma ce," ta ce, tana kiransa baba da harshenmu. "In na buɗe, bayan awa shida ragowar ta lalace. An hana mu buɗewa sai an cika goma."

"To ki ninka mana, 'yata. Tsohuwa ta saba da allura, matar tela ce."

"Ka nemo mutum shida, ka bar wasa."

Sai Wyson ya rufe rumfa ya shiga bin gidaje. Mutane na tsoro, an ce musu allurar tana hana haihuwa. Ya shawo kan wani dattijon coci da alkawarin gyara masa kwat kyauta. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce sai ta ga an soka masa tukuna. Surukinsa ya yarda sau uku, ya fasa sau biyu. Kwana goma sha tara ya yi kafin ya haɗa su, ya tasa su gaba kamar mai kai awaki kasuwa.

Loveness ba ta iya duban idonsa ba.

"Wa'adin kwalaben ya cika shekaranjiya. Dama da suka iso, 'yan makonni suka rage musu. An kwashe za a ƙona."

"Waɗanda suka aiko ba su san karanta kwanan wata ba ne?"

"Sun sani, Bambo."

Da yamma rediyo ta ce an ƙona magani a ƙasarmu saboda jama'a sun ƙi fitowa. Ina zaune a rumfarsa, na ga ya tofar da yawu.

Bayan wata biyu aka kawo sababbin kwalabe. Wyson ya koma wa mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya riga ya karɓi kwat ɗinsa, ya ƙi sake fitowa. Mai kifi ta ce ba a yi mata wasa da ƙafa sau biyu. Ya sake goyo Esnart, su biyu kawai, suka zauna a benci tun safe suna duban hanya. Har aka rufe asibiti, mutum ɗaya ne ya zo, shi ma haƙori ke damunsa.