Lanhon Maidoki

"Iya, ina Maidoki?" Tambayar da malamin lanho ya yi mini ke nan yau da hantsi. Shi da gardi guda, dogarin gwamnati, sunka taho daga Dogon Dutsi, da littahin masu biyan haraji. Wai Nasara ya tahi, yanzu ɗiyanmu ke mulki!

Na ce, "Shina kushewa, damina biyu ke nan."

Ya ce wanda ya mutu gidan nan an soke sunanshi tuni. Maidoki kuwa shekara biyu bai biya ba. In babu kuɗi, akuyata za su ja. Ita kaɗai gare ni!

Sai na gane. Shekarar da anka yi ƙidaya, marigayi ya ba da sunanshi na yanka wurin maigari. Da sunka biyo gida sunka tambaye ni, na ce Maidoki, don mace ba ta kiran sunan mijinta. Ashe mutum biyu sunka rubuta!

Na ce, "Ɗan nan, mutum guda ne. Tambayi kowa."

Ya ce, "To hwaɗi sunan mijinki mu ji."

Gaban surukina! Gaban maƙwabta! Shekara arba'in sunan nan bai taɓa hitowa bakina ba. Na dubi akuya, na runtse ido, na hwaɗa.

Ya bi layi da yatsa, ya juya wurin gardi.

"Ka ji da kunnenka. Wanda ta kira shi anka soke, Maidoki na nan. Kwance akuyar."