Damaris da Yashin Acca

Damaris ta zo Kaduna daga wajen Kwoi da tukunya ɗaya da hannun da ya iya acca. Shekara goma sha biyu tana sayar da fate a bakin titin Television, ma'aikatan masaƙa na yi mata layi. Mace ce mai fara'a, amma wanda ya taka ta ya shiga uku, don ba ta mantuwa.

Shekarar da soja suka koma bariki, wani ɗan garinsu, Alexander, ya buɗe gidan tarihi nasa na kansa a unguwar Romi: tsofaffin tukwane, kwari da baka, da giyar kashu a kwalabe don baƙi. Ya ɗauki Damaris ta riƙa dafa musu abincin gargajiya. Ana saura mako guda bikin buɗewa, sai ya ce ta ɗaura ganye irin na kakanni, Turawa su ɗauke ta hoto.

"Ni?" in ji Damaris. "Shugabar zumuntar mata a coci?"

"To Mama, ki kama gabanki. Acca ce fa, kowa ya iya."

A gaban leburorin da ke gyaran gidan ya faɗa. Maganar nan ta ci mata rai fiye da korar.

Ya kawo wata Grace, wadda ta koyi girki a otel. Ranar biki da safe Damaris ta bi ta bayan gidan, ta tarar da Grace ta wanke acca sau biyu kamar shinkafa tana shirin zubawa. Acca kuwa sai an rege ta daga ƙwarya zuwa ƙwarya, sau bakwai ko takwas, kafin yashi ya rabu da ita. Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai. Damaris ta ce, "Sannu da aiki, 'yata," ta tsallaka titi da tukunyarta da bencinta ta hura wutarta a gindin mangwaro.

Cokalin farko wani Bature ya dafe muƙamuƙi. Matar wani babba ta tofar a hankici. Giyar kashun Alexander kaf ta ƙare a kuskurar baki. Kafin rana ta karya, baƙin sun tsallako ɗaya bayan ɗaya, sun cika bencin Damaris. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ba ta ɓoye ba.

Alexander ya aiko fasto, ya aiko dattawan garinsu su ba ta haƙuri, ta saurare su da ladabi ta sallame su. Har yau in ya zo da kansa sayen fate, tukunya a buɗe tana tafasa a gabansa, sai ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ya ƙare."