Akuya ta Ƙarshe a Tudun Sabis

Iya Mai Awaki ake ce mata, ko da yake yanzu sunan ya koma kamar zolaya. Da awaki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, har suka girma suka watse birni. Ba ta taɓa zaman aji ba, amma akuya ta yi tari a bayan ɗaki, ta san wacce ce. Sai ciwo ya shigo garken yana ɗauka ɗai-ɗai. Ofishin likitan dabbobi kuwa ya daɗe a kulle, har zanzaro ya yi gida a jikin ƙofar. Saura akuya ɗaya tal, ja, mai tsohon ciki.

Babban ɗanta ya aiko mata da waya da wata lamba, wai in an kira, murya ce take ba da shawara. "Ba sai da karatu ba, Iya, magana kawai za ki yi." Haba, sauƙi a baki! Ƙauyen nan babu sabis sai a kan tudun bayan gonaki, ga gwiwar tsohuwa ta ƙare.

Ranar da jar akuyar ta ƙi kiwo, Iya ta hau tudun ta kira. Muryar mace ce, mai ladabi. "Ki duba dasashinta. Ya yi fari?" Ita kuwa Iya ba ta faɗin abin da ba ta gani ba. Ta sauko gida, ta buɗe bakin akuya, ta koma. Kafin nan layi ya katse. Da ta sake kira, muryar ta somo daga farko, ko gane ta ba ta yi ba, ta kuma ƙara da tambayar ido. Iya ta sake saukowa.

"To shi ke nan," in ji ta, "bari in kawo miki ita." Ta goya akuyar da zane, tana nishi.

"Iya, haihuwa aka yi ba mu ji ba?" wani manomi ya tsokane ta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

A kan tudun ta kwantar da ita a cinyarta, ta amsa kowace tambaya tsakani da Allah. Tana cikin amsawa akuyar ta shure ƙafa, ta yi shiru. Wallahi abin da ciwo.

"Wannan cuta ce mai tsanani," in ji muryar. "Ki hanzarta kai ta wurin likitan dabbobi mafi kusa."

"To, 'yar nan, na gode. Allah ya yi miki albarka."

Ta ajiye wayar a ƙasa, ta ɗora hannu a kan cikin akuyar. Tana nan zaune har motsin da ke ciki shi ma ya tsaya.