Dakta Lauwali da Shinkafar Inna Rabi

Har yanzu in hadari ya taso sai in riƙa duban kogi. Bara ne kogi ya shigo mana Kaoje, ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, ya kwashe katangarmu da awakinmu da rumbun kakata, Inna Rabi. Amma labarin Dakta Lauwali nake son bayarwa.

Ɗan manomi ne daga Bahindi. Ya fara da koyarwa a firamare, daga baya ya koma karatu, ya zama mai binciken irin shuka a wata cibiyar noma. Aikinsa tattara tsofaffin irin shinkafa da gero da dawa, waɗanda mutane ke watsarwa saboda sabon iri mai saurin nuna. Yakan ce kowane iri da halinsa, wani ya jure fari, wani ya jure ruwa, kuma in ya ɓace ba mai ƙera shi. Tun ina yarinya nake ganinsa bisa tsohon babur, daga Kamba har ƙauyukan bakin iyakar Benin, yana sallama gida-gida, yana neman cikin tafi ɗaya. Mata suka laƙaba masa Mai-roƙon-iri. Bai taɓa jin haushi ba.

Inna tana da wata jar shinkafa, Dogon-wuya. Mahaifiyarta, mutuniyar Dendi, ita ta zo da ita daga tsallaken iyaka ƙulle a bakin zane. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, amma in ruwa ya ƙaru sai ta miƙe ta bi shi, kanta na sama. Kowa ya bar ta sai Inna.

A wurinmu ba a hana mai neman iri. Amma wanda aka ba, in ya girbe, dole ya mayar wa mai shi ƙoƙo guda. Dakta ya karɓi Dogon-wuya shekaru da dama da suka wuce, bai mayar da komai ba. Shi a ganinsa ajiya ya karɓa. Inna kuwa duk ranar kasuwar da ta hango shi sai ta ɗaga murya.

"Mai-roƙo! Ina ƙoƙona? Ko kun dahe kun canye?"

"Inna, tana nan kwance cikin ɗakin sanyi."

"Sanyi? Shinkahwa ta koma kihi ke nan!"

Bayan ambaliya aka sauke mu a ajin firamare. Inna ta daina cin abincin kirki. Ba ta ambaci awaki ba ko sau ɗaya, sai dai ta riƙa cewa abin da uwarta ta bar mata ya bi ruwa. Na kira Dakta a waya.

"Fatiha," ya ce da ni, "ba zan yi miki alkawari ba. Wuta ta sha ɗaukewa a ɗakin ajiya, kuma an jima ban sabunta wannan irin ba. Bari in gwada. Kada ki faɗa mata tukuna."

Ya jera ƙwayoyin bisa jiƙaƙƙen ƙyalle. Da yawa ba su tsiro ba. Waɗanda suka tsiro ya dasa a wata fadama da rani, ya yi musu ban ruwa da hannunsa. Da suka fara nuna, shi da kansa yake korar tsuntsu, mutum mai furfura da digiri uku yana kaɗa gwangwani. Ni kuma kullum Inna na ƙara ramewa a gabana, ina riƙe da maganar da aka hana ni faɗa.

Gab da damina muka ji babur a ƙofar gida. Ya shigo, ya durƙusa, ya ajiye ƙoƙo gabanta.

"Inna, ga ƙoƙonki. Na makara."

Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta ɓare da haƙori, ta duba jan cikinta. Sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Ita ta. To shekarun ga duka, ƙoƙo guda kaz zo da shi?"

Ya nuna mata ƙullin da ke ɗaure bayan babur. Ranar Inna ta cinye tuwonta tas.

Kafin a yi shuka maƙwabta suka fara sallama, har da Ma'azu da ya fi kowa yi mata dariya a da. Ba ta hana kowa ba. Bana ma ruwa ya hau gonaki, ko da yake bai kai na bara ba. Shinkafar zamani ta nutse a kwari. Kowace safiya ina zuwa bakin gonar Inna, in tarar da Dogon-wuya ta ƙara tsawo.

Da aka yi girbi Dakta ya dawo da buhunansa na takarda, yana neman cikin tafi ɗaya. Inna ta cika masa ƙoƙo biyu.

"Guda na sanyi," ta ce. "Gudan ko ka shuka, in gani ko ka koyi hankali."