Tattabarun Kaka Sun Ƙi Sabon Gida

Idan na rufe ido ina neman gidanmu na Jekadafari, ƙarar fiffike nake fara ji kafin in ga ko da ƙofa. Tsofaffin tukwane ne a jere jikin katangar ƙasa, kowace da tattabarunta biyu, mace da namiji. Kakana ya gaji kiwon wurin mahaifinsa, Baba ya gada wurinsa. Ni kuwa da nake mace ba wanda ya gayyace ni, kaina na cusa.

"Amarya," in ji Kaka, don haka yake tsokanata, "ke za ki ci gadon nan, tunda ofis ya ƙwace mini ubanki."

Ranar tsere akan zuba mazan a kwando, a ba wani direban motar auduga ya sake su a Kumo. Dattawa masu kiwo su baje tabarmi a ƙofar gida, kowa wuyansa a sama. Ina son wannan jiran fiye da komai. Sararin yakan yi fari fat, barci ya fara fizgata, sai in hango ɗigo-ɗigo daga kudu kamar an watsa gero. Yawanci namu ne kan gaba, domin Kaka ba ya tura namiji sai wanda matarsa ke kwance kan ƙwai. Ya ce mai iyali ba ya tsayawa kallon hanya.

Da kuɗin man fetur suka shigo gari, aka yi wa Baba ƙarin girma. Ya gina gidan siminti mai rufin kwano a Tudun Wada, ya sayar da tsohon ga wani ɗan kasuwa. Muka kwashe komai har da tukwanen. Washegari da aka buɗe wa tattabaru, suka zaga sama sau ɗaya, suka miƙe Jekadafari. Kaka ya naɗe tabarmarsa ya bi su.

"Inda suka kwana nan zan kwana," ya ce.

Haka tsoho mai ciwon ƙafa ya tare a zauren kango shi kaɗai. Kullum ni ke kai masa tuwo, in same shi zaune, tsuntsayen sun yi layi a kan katangar da babu tukunya ko ɗaya. Tsoro nake ji ƙwarai kada wata safiya in yi sallama a ƙi amsawa.

Kowane mai kiwo ya san maganin abin. A fige dogayen gashin fiffike, kafin su sake tsirowa tsuntsu ya saba da inda yake. Baba ya je ya durƙusa gaban Kaka ya roƙa.

"Baba, mai gidan zai rushe katangar nan. A bari in fige su."

"Wanda ya taɓa fiffikensu gemuna ya taɓa."

Ranar da magina suka sauke diga da shebur a ƙofa, Kaka ya ce in riƙa kamo masa tattabarun. Da hannunsa ya fige, ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Gashin na tashi a iska, yana sauka a kan hularsa da kafaɗata. Ni dai kuka nake yi. Aka kai su Tudun Wada, shi kuma ya koma rumfar wani amininsa tela, ya ce sai ya ga abin da suka zaɓa da kansu.

Sun daɗe suna yawo a ƙasa kamar kaji. Suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, gashi ya dawo. Wata safiya Kaka ya dogaro sandarsa ya zo, Baba ya buɗe musu. Suka tashi gaba ɗaya, suka yi sama har idona ya kasa riƙe su. Na ƙanƙame hannun Kaka. Can sai ga su suna saukowa a hankali, ba wadda ta ko karkata wajen Jekadafari, suka dira a kan rufin kwanon Baba.

Baba ya yi kabbara, ni na hau tsalle. Da na juya, Kaka bai yi ko murmushi ba. Ya daɗe yana kallonsu suna gyara gashi a kan rufin.

"Ashe har su sukan manta," ya ce. Ya share ido da bakin rigarsa. "Amarya, je ki wurin tela ki ɗauko mini tabarmata."