Gayyatar Shanu Zuwa Gonar Yayana

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutsin-Ma, ni da yayana, a kan tsohon mashin ɗinsa mai yawan tari. Kurfi muka nufa. Da can, bayan girbi, wani abokinsa Bafulatani ke sauke garke a gonarsa ta Makera, shanu su ci kara su bar taki. Tun da rikicin daji ya ɓarke abin ya tsaya, gona ta gaji, gero na fitowa kamar tsintsiya. Yanzu an yi sulhu, shi ne zai je ya gayyato shi. Sai dai a rikicin aka kashe ɗan mutumin, kuma mutanen wajenmu ake zargi.

Ni an ɗauko ni ne a matsayin gwani. Ina ɗan sanda na yi aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan ta Kudu, ƙasar tana jaririya. Na ga taron sulhu har na ƙoshi. A zo da fararen motoci da ruwan gora, a sa hannu, a ɗauki hoto, mu koma bariki, su koma ga bindigoginsu. Don haka ban sa rai ba, kuma ban ɓoye masa ba.

Hanya lafiya lau, in ka cire ramuka. Mata na tafe da ƙoren nono a ka, abin da na daɗe ban gani ba, ya kuma faranta mani rai. A Kurfi muka karya da waina. Mai wainar ta tsuga mana kuɗi tana dariya, wai layin masu saye ya dawo.

A kasuwar dabbobi muka sami Bafulatanin. Ya tsufa ƙwarai. Aka gaisa, aka yi ta'aziyyar da ta makara da shekaru. Na gyara murya zan zuba jawabi, yayana ya riga ni.

"Ardo, an cire amfani. Kara na nan."

Mutumin ya daɗe yana kallon sandarsa. "Alhaji, shanu za su zo. Ƙanena za ya kawo su. Ni ba ni iya taka Makera tukuna."

Da la'asar muka iso gida. Abin da na ƙaru da shi, sulhu na buɗe hanya, amma ba ya ɗaukar ƙafar mutum ya ɗora a kanta. Ko mu masu fararen motoci iyakarmu ke nan.

Na ce, "Yaya, ai buƙata ta biya, gona ta samu taki."

Yana jingine mashin ya ce, "Gobe ka taya ni yankan ciyawa. Bukkar Ardo ta bakin gona ta faɗi, duk ranar da ya zo gara ya tarar da ita a tsaye."