Tara Bisa Goma a Littafin Zulaihatu

Malam Barau mutumin Faskari ne, ɗan wani maɗinkin hula. Shekarar da kuɗin mai suka sa gwamnati ta buɗe firamare a kowane lungu, aka turo shi Ketare ya riƙe aji shida. Idon mahaifinsa ya gado, don ko da ƙwayar gero layi ya karkace sai ya gani.

Ƙa'idarsa ta duba insha'i kuwa kowane ɗalibi ya haddace ta. Maki huɗu na kyan rubutu, uku na haɗa kalma da raba ta, uku na aya da waƙafi. Yara sittin da bakwai gare shi, amma tsakanin azahar da la'asar yake gamawa da littattafansu, har yana alfahari da hakan.

Wata Talata, da damina ta yi nisa, ya sa su rubuta "Abincin gidanmu". Ya duba a ranar, ya ajiye a gida. Ran Asabar da hantsi matarsa Suwaibatu, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ta ɗauki ɗaya tana gwada karatu. Can ta fito tsakar gida da littafin a hannu.

"Malam, ka karanta na yarinyar nan Zulaihatu?"

"Na karanta. Tara na ba ta."

"Me ta ce a ciki?"

Ya karɓa ya duba. Ga rubutu tsaf kamar na ɗab'i: "Hatsinmu ya ƙare. Baba ya ce a niƙa ragowar irin masarar da aka raba, mai jan magani. Inna ta wanke shi sau uku. Tuwon yana da ɗaci. Kajin da suka sha ruwan wankin sun mutu. Kaka tana amai, hannunta yana rawa."

A bayan kalmar "amai" ga waƙafi da jan biro, wanda shi da kansa ya ƙara. A ƙasa kuma ya rubuta "Da kyau".

Sai a lokacin ya tuna tun Alhamis bai ga yarinyar a aji ba. Ko hula bai tsaya sawa ba ya tada babur, ya bi ta cikin taɓo zuwa unguwar su Zulaihatu da ke bayan gari.

Ya tarar da Malam Gide, mahaifinta, zaune a zaure yana gumi, ko tashi ya kasa. Zulaihatu da ƙannenta biyu na kwance a ciki. Sawu uku Malam Barau ya yi zuwa asibitin Kankara, maƙwabta suka kawo sauran a motar kasuwa. Kowa ya tashi, ban da tsohuwar, kakar Zulaihatu. Da asubar Lahadi ta cika.

Ran sadakar uku Malam Gide ya riƙe hannunsa yana godiya. Malam Barau ya kasa haɗiye maganar.

"Tun Talata ɗiyarka ta rubuto mini. Littafin na hannuna."

Malam Gide ya dube shi ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, Malam."

Malam Barau bai yi musu ba, amma sati guda ya yi ba ya iya cin tuwo.

Daga nan ya rushe ƙa'idarsa. Rabin maki ya koma kan abin da yaro ya faɗa, kuma ba ya taɓa biro sai ya karanta shafi har ƙarshe. Aikin yamma guda ya zama na kwana huɗu. Mai duba makarantu ya rubuta cewa yana da nawa, hedimasta ma ya yi masa magana, bai canza ba. A haka ya gano yaron da ba ya ji da kunne ɗaya, da wata rijiya da bakinta ke zaftarewa a kan hanyar makaranta.

Shekara ashirin da shida ya ƙara yana koyarwa, yawancinsu a Damari, bai taɓa zama hedimasta ba. Da ya yi ritaya ya koma Faskari, ya zauna a rumfar mahaifinsa yana ɗinkin hula har idonsa ya gaza.